Zauren Kawu: Ƙungiyarmu ta fara da zafi, yanzu kowa ya watse

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin 'yan ƙungiyoyin sa kai ne suka cika akwatin, masu yashe kwata, masu gyaran maƙabarta, masu ziyarar asibiti, kuma kusan kukan kowa ɗaya ne, mutane sun shigo da ɗoki sun sulale. Na zaɓi guda huɗu, na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA 1

Kawu barka da aiki. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai a unguwarmu nan cikin birnin Kano. Mun kafa ta ne bayan wata damina da ruwa ya shiga gidajen mutane saboda kwatoci sun toshe da leda, wlh ranar da muka fara fita yashe magudanar ruwa mun haura mutum 50, dattawa suna sa mana albarka, mata suna aiko da kunu da fiya wata. To yau shekara biyu kenan in aka kira mitin da ƙyar mu kai mu 8, gurup ɗinmu na WhatsApp kuwa cike yake da mutane amma in ka sa sanarwa sai kaga an karanta anyi gum, sai wani ya turo bidiyon siyasa ne zakaga kowa ya farka. Mun sa tarar naira 500 ga duk wanda bai zo mitin ba, ba wanda ya biya, wasu ma suka fice. Yanzu ciyaman yace mu kori duk wanda yayi fashi sau uku. Dan Allah Kawu hakan zai gyara?

AMSA

Ɗana bazai gyara ba, ku janye maganar tarar nan tun kafin sauran takwas ɗin ma su bi sahu. Mutum ya zo da ƙafarsa don Allah, ba albashi kuke bashi ba, ta ina zaku ce ya biya ku don bai zo ba? Abinda tarar take yi shi ne wanda yayi fashi biyu ya ga bashin dubu ɗaya ya hau kansa, kunya ta hana shi zuwa na uku, daga nan in ya hango ka a bakin layi sai ya canza hanya, kaga an rasa mamba kuma an ɓata maƙwabtaka.

Sake karanta wasiƙarka da kyau zakaga ka amsa kanka. Ranar aiki kun haura 50, ranar mitin ku 8. Mitin mutanen nan suka guda, kuma ban ga laifinsu sosai ba, don na san irin mitin ɗin namu, ance ƙarfe 4 sai biyar da rabi ciyaman zai iso, a karanta minit ɗin zaman baya, a kwashe rabin awa ana gardamar wa ya ce me, mutum biyu su mamaye magana, a kira magariba a tashi ba a yanke komai ba. Ɗan adaidaita sahu da ya ajiye babur ɗinsa ya zo ya zauna, da tela da ya rufe shago, kowanne yasan abinda ya rasa a awa biyun nan, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ƙirga sisin sa yake.

Ka tuna yadda gayya take a ƙauye. Mai gona zai bi gida gida da kansa ya faɗi rana, kowa yasan gonar da za a shiga da inda zata ƙare, ga fura ga tuwo, ga mai gangar noma yana kiran sunan wanda ya fi zuba ƙwazo yana masa kirari, rana tana yin tsaka an gama kowa ya waiga yaga kunyoyin da ya tayar da hannunsa. Ba tara ce take kawo mutum gayya ba, kawai dai ba mai son ace ba a ganshi ba. Ƙungiyarku ta fara a haka ranar yashe kwata, sai kuka maida ita ofis.

Don kar kace Kawu yana kawo zancen ƙauye ne kawai, ga manyan da suka riga mu. Rotary, ƙungiyar duniya ta masu hidima ga al'umma, an kafa ta a birnin Chicago na Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Najeriya a nan Kano aka buɗe shi a 1961. Shekara da shekaru dokarsu ita ce zama duk sati, kuma wanda yayi fashi huɗu a jere ba uzuri ana iya sallamarsa. A 2016 da kansu suka sassauta, suka bar kowane reshe ya tsara yawan zamansa da yadda zai lissafa halarta, muddin dai ana haɗuwa aƙalla sau biyu a wata, saboda sun ga masu aiki da matasa basa iya bin tsohon tsarin. In ƙungiyar da ta haura shekara ɗari ta sassauta, ku 'yan shekara biyu me zai sa ku tsananta?

Ga abinda zan so ku gwada. Ku bar mitin ya zama na ku shugabanni, sauran jama'a kuwa a kira su aiki kawai, aiki ɗaya a wata mai farko mai ƙarshe. Kuna da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli da dama an hana zirga zirga da safe kowa yana gida, ku ɗauki layi ɗaya, kuce daga bakin masallaci zuwa famfo, ana gamawa a zauna a sha kunu a yi maganar wata mai zuwa cikin minti goma a tsaye ma in ta kama. Shi kenan mitin.

Amma babban abin, wanda in baku yi shi ba sauran duk aikin banza ne, kowane mutum a ɗaura masa wani abu da sunansa. Wane kai ne mai ajiyar shebur da baro, wane kai zaka yi magana da masu motar kwashe shara, wane kai zaka tashi 'yan layinku, wane kai ne mai kunu. Wanda yasan shebur goma suna ɗakinsa bazai iya kwanciya ranar Asabar ba, don yasan za a zo a buga masa ƙofa. Mutum yana zama ne a inda in bai zo ba za a ji rashinsa, wanda kuwa ya zo sau uku ya tsaya a gefe ba wanda yace masa riƙe wannan, ba wanda ma ya tambayi sunansa, to na huɗu bazai zo ba kuma ba ƙiyayya bace.

Waɗanda suka daina zuwa kuma, kar ku tura musu saƙo a gurup, ku raba sunayensu tsakaninku ku takwas kowa ya je ya samu nasa a gida ko a shago. Kada kaje da "me ya sa baka zuwa", kaje da gaisuwa, ya iyali ya kasuwa, mun kwana biyu bamu ganka ba lafiya dai? Zaka sha mamaki, wani mahaifiyarsa ce ta kwanta asibiti wata biyu ba ɗan ƙungiya ko ɗaya da ya leƙo shi, wani anyi masa haihuwa ba wanda ya zo suna, wani wata magana ce aka yaɓa masa a gaban mutane ya haɗiye. Kuna yiwa unguwa hidima kun manta da junanku. Gurup ɗin kuma ku rufe shi ya zama admin kaɗai ke sa sanarwa, masu son gardamar siyasa ai basu rasa wurin yinta ba.

TAMBAYA TA 2

Kawu ina wuni. Mu 'yan mata ne da matan aure a Zariya muna da ƙungiya ta ziyarar marasa lafiya da taimakon marayu, duk wata muna haɗa dubu bibbiyu mu sayi sabulu da omo da kayan shayi mu kai asibiti. Matsalarmu biyu ce, duk wadda tayi aure sai ta ɓace, wata tace maigida ya hana. Sannan ƙananan maganganu sun fara yawo wai ba a san inda kuɗi suke tafiya ba, alhali wallahi ma'ajiyarmu mutuniyar kirki ce har kuka tayi da taji, kuɗin a akawun ɗinta ake turawa. Mutum huɗu sun daina biya. Ya zamu yi?

AMSA

'Yata Allah ya biya ku, aikin da kuke yi ba ƙarami bane. Bari in fara da kuɗin don shi ne zai kashe ku da wuri. Na yarda ma'ajiyarku mai amana ce, kuma saboda haka ne ma nake cewa ku cire kuɗin daga akawun ɗinta, ku kuka jefa ta cikin bakin mutane. Kuɗin jama'a in ya cakuɗa da kuɗin cefanen mutum ko waliyyi ne sai an zarge shi, ita kanta wata rana zata rasa gane wane alat ne na ƙungiya wane ne na 'yar uwarta.

Duk ƙarshen wata a rubuta a takarda, ga abinda ya shigo da sunan kowa, ga abinda aka saya da farashinsa, ga ragowa, a ɗauki hotonsa tare da rasit a sa a gurup ko ba wadda ta tambaya. Sayayya kuma kar mutum ɗaya ta riƙa zuwa kasuwa, su tafi su biyu, kuma a riƙa canzawa, kuma ina baki shawara cikin waɗancan huɗun da suka daina biya ku roƙi wadda ta fi kowa ƙorafi ta zama cikin masu zuwa sayayyar wata mai zuwa. In ta taka ƙafarta Tudun Wada ko Sabon Gari taji farashin katan ɗin sabulu da kunnenta, ita zata riƙa kare ku.

In kuna son abin ya ɗore kuyi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi haka. Kuna buƙatar kundin tsarin mulki a rubuce, da amintattu aƙalla biyu, a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ja, sannan a baku satifiket, da shi zaku buɗe akawun da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Akwai kashe kuɗi a ciki kuma duk shekara ana kai rahoto, don haka in ƙarfinku bai kai ba tukuna kar ku takura, lissafin wata wata ɗin nan ku fara da shi gobe.

Dubu biyun ma ku duba ta. Akwai wadda ta daina zuwa ba don zargi ba, bata da shi ne kuma bazata iya faɗa ba. Ku buɗe ƙofa, mai kuɗi ta kawo kuɗi, mai iya dafa kunu ta dafa, mai keken ɗinki ta ɗinka wa marayu kayan sallah, duk a rubuta su a littafi ɗaya a matsayin gudummawa.

Maganar amare kuwa, kar ku yi faɗa da maigida, bazaku ci riba ba kuma zaku sa 'yar uwarku a tsaka mai wuya. Yawanci abinda miji yake tsoro shi ne bai san ku ba, bai san ina ake zuwa ba da wa za a haɗu da yaushe za a dawo. Ku samu uwar ƙungiya, dattijuwa mai mutunci a unguwa ko malamar Islamiyya, ita zata je ta gaishe shi ta faɗa masa ranar ziyara da lokacin dawowa kafin magariba. Wanda ya ƙi duk da haka, to matarsa tayi aikin daga ɗakinta, ita ce mai riƙe lissafi ko mai kiran waya tana tuna wa mutane, ko a riƙa haɗa kayan a gidanta. Sunanta dai kar ya fita daga littafi, shekara biyu uku in ta zauna da gindinta a gidan zakiga ta dawo fita da ku.

TAMBAYA TA 3

Malam, gaisuwa mai yawa daga Damagaram. Ni dattijo ne, na yi Samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasar Nijar, tun ina saurayi, mu muka yi bulo muka gina azuzuwan lakwal da hannunmu ba a biya mu ko dala ba. Yanzu ina shugabantar ƙungiyar gyaran maƙabarta da taimakon gajiyayyu ta unguwarmu fiye da shekara goma. Mu duka mun tsufa, ƙarfi ya ƙare, yaran yanzu kuwa sai zaman fada da shan shayi da latsa waya, in ka kira su aiki sai su ce nawa za a ba su. Yaya za a yi da yaran zamani?

AMSA

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa abinda kuka gina ya zama sadaka mai gudana. Ina neman afuwa tun kafin in fara don zan faɗi abinda ƙila bazai yi daɗin ji ba.

Samariyar da kake magana, wadda Janar Seyni Kountché ya farfaɗo da ita bayan ya karɓi mulkin Nijar a 1974, me ya sa kuka ba ta ƙarfinku? Akwai sarkin samari, naku ne, tsaranku ne ko ya ɗan girme ku, akwai muƙamai da kuke riƙe da su, akwai wasa da kiɗa da gasa tsakanin unguwa da unguwa, in kun gina aji ana cewa samarin unguwa kaza ne suka gina. Kuna da suna a cikin abin. To yau saurayin da ya shigo ƙungiyarku me zai zama? Shugaba kai ne, mataimaki abokinka ne, ma'aji ɗan uwanku ne tun shekara goma, shi nasa ɗaukar ƙasa da saran ciyawa, in ya kawo shawara ace yaro bai san komai ba. Ko kai ne a shekarunsa Alhaji da wuya ka zauna.

Kuma yaran fadan nan da kake gani ba malalata bane duka. Je ka duba in ɗayansu zai yi aure ko an kwantar da shi asibiti yadda suke haɗa kuɗi cikin dare ɗaya, wasu fadojin ma su suke sintirin unguwa suna share tituna. Suna da shugabansu da ma'ajinsu da dokokinsu. Kar ka ce su baro fada su shigo ƙungiyarku ɗaya bayan ɗaya, kai ka taka ka je fadar da yamma, ka zauna a tabarmarsu ka sha shayinsu, wallahi girman da zasu baka sai ya baka mamaki, sannan kace 'ya'yana katangar maƙabarta ta gabas ta zube, iyayenku da kakanninku ne a ciki, na baku ita, ku tsara yadda zaku yi mu namu neman siminti da addu'a. Ka bar su suyi da tsarinsu ko da ba haka kai zaka yi ba. In sun gama a faɗi sunan fadarsu a masallaci bayan sallar Juma'a, Annabi SAW yace wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Wanda yace nawa za a bashi kuma kar ka yi saurin yanke masa hukunci, wani bai karya ba ya fito, wani kuma 'yan siyasa ne suka saba masa da haka, duk taron da aka kira shi sai an sallame shi. Ku faɗa musu gaskiya tun farko ba kuɗi, amma akwai abinci da ruwan sanyi, wannan kam hakkinsu ne. Kuma ku yi nesa da 'yan takara, ranar da aka ga hoton wani ɗan siyasa a jikin rigar ƙungiya rabin unguwa sun fita kenan.

Sai maganar kujera. 'Yan Rotary duk ranar 1 ga Yuli suke canza shugaba, daga na duniya har na ƙaramin reshe, kuma tun kafin lokacin an san magajinsa yana biye da shi yana koyo. Ban ce ku kwaikwayi shekara ɗaya ba, amma ku sa wa'adi, kai ka koma uban ƙungiya, a zo gaishe ka a nemi shawararka, in rigima ta tashi kai zaka kashe ta. Gara ka miƙa da hannunka kana da lafiyar da zaka gyara musu in sun karkace.

TAMBAYA TA 4

Slm Kawu. Ni ɗalibi ne a Sakkwato, mu biyar ne muke koyar da yaran unguwa karatu kyauta ranar Asabar da Lahadi, muna so mu ƙaru. Abokina yace mu riƙa sa hotuna a Facebook da TikTok, ni kuma ina tsoron riya. Meye shawara?

AMSA

Ɗana tsoron da kake ji alama ce mai kyau, riƙe shi. Amma aikin da ba wanda ya san ana yi ba mai shigowa cikinsa. Ku sa hoton allo da littattafai da ku kanku kuna koyarwa, ku rubuta wuri da lokaci da abinda kuke buƙata. Fuskar yaran mutane kuwa kar ku sa sai da izinin iyayensu, kuma har abada kar ku ɗauki maraya yana karɓar wani abu a hannunku, yaron nan zai girma hoton yana nan.

Sai dai kar ka dogara da Facebook, zai kawo muku layik da "Allah ya saka" amma da wuya ya kawo wanda zai tashi da safe ranar Asabar. Kowannenku ya zaɓi mutum ɗaya da ya sani, ya same shi ido da ido ya roƙe shi abu ƙarami, kace wane na san ka iya lissafi, zo ka riƙe mana 'yan aji huɗu awa ɗaya ranar Lahadi, sati huɗu kawai, in bai maka ba ka bari ba komai. Mutane suna tsoron alkawarin da ba ranar fita, in ka yanka masa wa'adi zai ce to. Ku leƙa wurin masu bautar ƙasa da aka turo unguwarku ma, dama suna da ranar hidimar al'umma a sati kuma da yawansu suna neman inda zasu yi ta. Ranar da sabon ya fara zuwa kai da kanka ka je ka taho da shi, ka gabatar da shi ga yaran da sunansa a matsayin malaminsu, ka bashi alli da rajistar ajin ya tafi da ita gida.